Wata uku da takalmin barci: abin da ya yi wa ciwon dunduniyata da abin da ya gaza yi

Takun farko na safiya ne ya sa na sayi takalmin barci. Na yi kusan wata biyar ina saukowa daga gado kamar wanda ya taka ƙusa, ina dafa bango ina ɗingishi, sai na yi taku goma sha biyar ko ashirin sannan ciwon ya lafa, in shiga harkokina tamkar babu abin da ya faru. Da yamma kuma in ɗaura kambas in fita gudu, domin da zarar jiki ya ɗumama, bayan kilomita ɗaya ko biyu, ciwon yakan ɓace, ya koma ya jira ni washegari da asuba. Likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi da atisaye, da ya duba ni bai sha wata wahala ba. Ya danna wuri guda a ƙasan dunduniyata ta ɓangaren ciki, na fizge ƙafar ba shiri, ya ce wannan shi ne ciwon da a likitance ake kira fulanta fashiyaitis. Cikin abubuwan da ya lissafa mini har da wannan takalmi da ake kwana da shi, kuma tun da na shafe wata uku ina amfani da shi, ina ganin ina da abin faɗa wa mai gudu da yake tunanin saye.

Ba za a gane amfanin kayan ba sai an san abin da yake ciwo. A tafin ƙafa akwai wani tantani mai kauri da tauri wanda ya taso daga ƙashin dunduniya ya bazu zuwa gindin yatsu biyar. Idan aka ɗauki lanƙwasar tafin ƙafa a matsayin baka, to wannan tantani shi ne tsirkiyar. Tun a shekarar 1954 wani likita mai suna Hicks ya bayyana cewa duk lokacin da yatsu suka lanƙwashe sama, musamman babban yatsa, tantanin yakan naɗe a kan gaɓoɓin yatsun ya ɗaure tamau, lanƙwasar ta ƙara tashi, ƙafa ta zama abu mai ƙarfi da za a iya tunkuɗa ƙasa da shi. Wannan yana faruwa a kowane taku, kuma a gudu ƙafa tana karɓar nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku. Idan aikin ya fi ƙarfin abin da tantanin zai iya farfaɗowa daga gare shi, wurin da ya manne da ƙashin dunduniya ne yake fara lalacewa. Sunan ciwon yana nuna kumburi, amma a 2003 wani masani mai suna Lemont da abokan aikinsa sun duba naman da aka ciro daga ƙafafu 50 da aka yi wa tiyata, suka tarar da zaizayewa da lalacewar zare, ba alamun kumburi ba. Wannan ya fahimtar da ni dalilin da ya sa ƙwayoyin rage kumburi da na yi ta sha suke kwantar da zafin na 'yan sa'o'i kawai.

Dalilin da aka fi bayarwa game da zafin safiya kuwa shi ne yadda ƙafa take kwana. Mai barci ba ya riƙe ƙafarsa a miƙe, takan sunkuya ƙasa, yatsu su nuna ƙarshen gado, nauyin bargo ma ya ƙara danne ta. A haka tantanin da agara da naman sha-raɓa suke kwana a takure har sa'a bakwai ko takwas, sannan a tashi a ɗora musu nauyin jiki gaba ɗaya lokaci guda. Aikin takalmin barci ɗaya ne tak, wato ya hana ƙafar sunkuyawa, ya riƙe ta a kusurwar digiri 90 da ƙwauri, ko ya ɗan ɗaga ta sama da haka kaɗan, har gari ya waye.

Iri uku na gani a kasuwa. Akwai mai ƙwarya ta baya, wanda yake kama da rabin takalmin sojoji da aka tsaga gabansa. Akwai mai ƙwarya ta gaba, wanda yake kwanciya a kan ƙwauri da bayan ƙafa ya bar dunduniya a buɗe. Akwai kuma doguwar safa mai igiya da take janyo yatsu zuwa gwiwa. Nawa na farkon ne. Ƙwaryarsa roba ce mai tauri da ta taso daga ƙasan gwiwa, ta bi bayan sha-raɓa, ta lanƙwasa ƙarƙashin tafin ƙafa har ta wuce yatsu. An shimfiɗa mata soso mai rufin yadi wanda ake iya cirewa a wanke. Maɗauri uku ne masu mannewa, ɗaya a ƙwauri, ɗaya a idon sawu, ɗaya a kan ƙafa, sai wasu igiyoyi biyu a gefe da gefe da ake ja domin ƙara ko rage ɗagawar. An haɗo da wani ɗan soso mai siffar weji, wato mai kauri a gefe ɗaya da siriri a ɗayan, da ake cusawa ƙarƙashin yatsu idan ana so tantanin ya ƙara miƙewa. Yana shiga ƙafar dama da ta hagu, kuma da lambar takalmi ake zaɓen girmansa. A hannu ba shi da nauyi, amma da tsakar dare, a ƙarshen ƙafa, labarin ya sha bamban.

Daren farko ban yi sa'a uku da shi ba. Laifina ne, domin na ɗauka cewa gwargwadon yadda na ja igiyoyin gwargwadon saurin warkewa, sai na ɗaure su har ina jin sha-raɓata tana miƙewa, na kuma cusa wejin. Wajen ƙarfe biyu na farka yatsuna sun yi sanyi sun mutu, bayan ƙafata yana zugi inda maɗaurin ya datse, na kwance shi cikin duhu na jefar gefen gado. Takardar da ta zo cikin kwalin ba ta taimaka ba ko kaɗan, domin zane huɗu ne da jimloli kaɗan, babu inda aka yi gargaɗi game da ɗaurewa fiye da kima, babu kuma inda aka ce a saba da shi sannu a hankali. Wannan babban rashi ne a kayan da yawancin masu sayensa ba su taɓa ganin irinsa ba. Da na koma wurin likitan ne ya nuna mini cewa ba miƙewa ake nema ba, hana sunkuyawa ake nema, kuma idan mutum yana jin ana jan wani abu to ya wuce gona da iri. Ya ce in fara da sa'a ɗaya da yamma ina zaune, in ƙara a hankali har in iya kwana da shi, in ajiye wejin tukuna.

Akwai wata matsala da ta ɗauke ni kusan mako guda kafin na gano kanta. Dunduniya tana zamewa sama a cikin ƙwaryar idan dare ya yi nisa, kuma da zarar ta tashi daga mazauninta ƙafar ta sunkuya ke nan a cikin takalmin, an yi kwanan wahala a banza. Abin da ya magance wannan shi ne in sa safa marar kauri, in lanƙwasa gwiwa, in tura dunduniyar har ta zauna daram a kusurwar, sannan in fara ɗaure maɗaurin idon sawu kafin sauran biyun. Idan aka fara da na ƙwauri, kamar yadda hannu yake saurin yi, dunduniyar ba ta zama.

Ko bayan na iya ɗaura shi, ban taɓa jin daɗin kwana da shi ba, kuma ba na so in yaudari kowa a kan wannan. Mai kwanciya rigingine ba zai sha wahala sosai ba. Mai kwanciya a gefe kamar ni sai ya sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, in ba haka ba gefen robar zai yi ta bugun idon sawun ɗaya ƙafar. Mai kwanciya rubda ciki kuwa gara ya nemi wani irin. Soson yana tara zafi da gumi, maɗauran suna kama zanen gado, kuma ƙarar ɓalle su da tsakar dare tana iya tayar da wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi. An sa masa ɗan taku na roba a ƙasa domin kada a zame, amma ba a yi shi domin tafiya ba, kuma na gwada zuwa banɗaki da shi sau ɗaya na ga cewa kwance shi ya fi aminci, ko da yake hakan yana nufin sake ɗaurawa da idanu cike da barci. A makonnin farko barcina ya ragu ƙwarai, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai motsa jiki, tun da a cikin barci jiki yake gyara kansa.

To, ya yi aiki? A kan abin da aka yi shi dominsa, ya yi. A cikin mako na biyu na sauko daga gado wata safiya na kai ƙofa kafin na tuna cewa ya kamata in ji zafi. Bai tafi gaba ɗaya ba, amma ƙusar ta koma kamar tsakuwa a cikin takalmi. Idan na auna da ma'aunin da likitoci suke amfani da shi, daga sifili zuwa goma, zafin takun farko ya sauko daga wajen bakwai zuwa biyu ko uku, kuma duk daren da na kwana babu shi yakan ɗan hau. Binciken masana bai zo da murya ɗaya ba a kan wannan. Powell da abokansa a 1998 sun gwada shi a kan mutum 37 da ciwon ya daɗe a jikinsu, suka ba da rahoton cewa kashi 88 cikin ɗari na waɗanda suka kammala gwajin sun sami sauƙi. Shekara guda bayan haka Probe da abokansa suka gwada a kan mutum 116, ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin waɗanda aka ƙara wa takalmin a kan sauran magani da waɗanda ba a ƙara wa ba. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin fisiyo ta Amurka ta fitar a 2014, ta kuma sabunta a 2023, sun tsaya a kan cewa a ba da shi na wata ɗaya zuwa uku ga wanda kullum yake fama da zafin takun farko. Wannan iyakar ta yi daidai da abin da na gani a ƙafata.

Inda na fi so mai gudu ya saurare ni shi ne abin da ya biyo baya. Zafin safiya, duk da muninsa, shi ne ma'aunin da ya fi gaya wa mai wannan ciwo gaskiya. A lokacin gudu ƙafa tana ɗumama ta yi shiru, saboda haka ba a iya dogara da abin da ake ji a hanya. Washegari da safe ne ake sanin ko gudun jiya ya yi yawa, domin idan zafin ya fi na safiyar jiya an wuce iyaka, idan kuma yana nan yadda yake ko ya ragu ana kan daidai. Takalmin barci yana rage wannan zafin ba tare da ya ƙara wa tantanin ƙarfin ɗaukar nauyi ba, wato yana toshe bakin mai ba da labari alhali labarin bai canza ba. Ni kuwa da na ga safiyata ta yi kyau sai na ɗauka na warke. A mako na huɗu na koma gudu kwana biyar a mako, na haɗa da hawan tudu da gudun sauri a rana ɗaya, kuma safiya ba ta ce mini komai ba sai da abin ya yi nisa. Alamar ta ɓullo ta wata hanya: na tashi daga kujera bayan zaman sa'a biyu na kasa taka ƙafar, sannan ciwon ya fara zuwa a tsakiyar gudu, abin da bai taɓa yi ba a da. Na yi asarar kusan mako uku ban yi gudu ba sam.

Ba zan ɗora wa takalmin laifin gangancina ba, amma da an rubuta wannan a jikin kwalin da ya fi duk zane-zanen da aka yi amfani. Daga baya na sauya ma'auni. Na riƙa lura da zafin da nake ji idan na tashi daga dogon zama da rana, tun da takalmin ba ya taɓa wannan, kuma daren da ya biyo bayan gudu mafi tsawo na mako nakan kwana babu shi da gangan, domin in ji abin da ƙafar za ta ce da safe. Wannan dabarata ce, ba umarnin likita ba, amma da na gaya masa bai hana ni ba.

Abin da nake ganin ya mayar da ni kan hanya shi ne atisayen ɗaga dunduniya da nauyi, wanda Michael Rathleff da abokan aikinsa a ƙasar Denmak suka gwada a kan mutum 48, aka buga sakamakon a 2014. Ana tsayawa da ƙafa ɗaya a bakin matakala, a naɗe tawul a sa ƙarƙashin yatsu domin su ɗaga sama tantanin ya ɗaure, sannan a ɗaga dunduniya cikin daƙiƙa uku, a tsaya daƙiƙa biyu a sama, a sauko cikin daƙiƙa uku. Ana yi yau a huta gobe. Ana farawa da sau 12 zagaye uku, bayan mako biyu a goya jaka mai littattafai a koma sau 10 zagaye huɗu, daga baya a ƙara nauyi a koma sau 8 zagaye biyar. A wata uku waɗanda suka yi wannan sun fi waɗanda suka tsaya a kan miƙa tantani kawai samun sauƙi, ko da yake a ƙarshen shekara ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki. Na haɗa da miƙewar da wani likita mai suna DiGiovanni ya gwada a 2003, inda ake zama a ɗora ƙafa a kan gwiwa, a kama yatsu a ja su baya na daƙiƙa goma, sau goma, kafin a taka ƙasa da safe. Gudun kansa na mayar da shi sassarfa da tafiya a cakuɗe, kwana uku a mako, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da gajerun taku, kuma na daina yawo ba takalmi a kan daɓe mai tauri a cikin gida. Ranakun hutu na cike su da keke. Adalci ne in ce ba zan iya rarrabe rabon kowanne a cikin sauƙin da na samu ba, balle ma yawancin masu wannan ciwo suna warkewa cikin shekara guda ba tare da tiyata ba, saboda haka shi ma lokaci yana da nasa kason.

Na ari irin na safa daga wani abokin gudu na kwana da ita dare huɗu domin kwatantawa. Ta fi sauƙin kwana nesa ba kusa ba, ba ta da nauyi, tana shiga jakar tafiya, amma da yake yatsu take ja maimakon ta tallafi ƙafar gaba ɗaya, nakan tashi gaɓar babban yatsana tana ciwo. Wanda yatsunsa suke da laushi zai iya fin son ta. Shimfiɗar cikin takalmi kuwa wani aiki take yi daban, da rana take taimakawa, kuma binciken wani masani mai suna Landorf a Ostireliya a 2006 ya nuna cewa wadda aka saya a shirye ba ta gaza wadda aka auna ƙafa aka ƙera ba, sannan amfanin dukansu ɗan kaɗan ne kuma na 'yan watanni.

Ta fuskar ƙarko, ƙwaryar ba ta tsage ba, ba ta kuma lanƙwashe ba. Maɗaurin idon sawu ne ya fara gajiya a wata na biyu saboda zaren zanen gado da ya cika haƙoransa, sai da na riƙa tsefe shi da tsohon buroshi. Soson ya lotsa a wurin dunduniya, kuma idan ba a wanke shi duk mako ba wari yake yi. Yana daɗewa bai bushe ba, don haka da safe ya kamata a wanke, ba da yamma ba. Da an haɗo da soso na biyu da an kyauta.

Akwai waɗanda ba zan ba su shawarar saye ba sai sun ga likita. Wanda ciwonsa ba na takun farko ba ne, yana ƙaruwa ne gwargwadon tafiya, kuma yana jin zafi idan aka matse ƙashin dunduniya ta gefe da gefe, yana iya zama tsagewar ƙashi ce irin wadda yawan gudu yake jawowa. Wanda yake jin ƙuna ko kamar ana soka masa allura yana iya zama jijiya ce ta matsu. Wanda ya ji wani abu ya tsinke farat ɗaya a tafin ƙafarsa, ya kumbura ya yi shuɗi, musamman bayan allurar sitiroyid da ake yi domin rage kumburi, wannan yagewa ce. Mai ciwon sukari da ƙafarsa ta rage ji, ko mai matsalar gudanar jini, bai kamata ya ɗaure ƙafarsa dare guda ba tare da izinin likita ba, domin maɗaurin zai iya yi masa rauni bai sani ba. Shi kuwa ɗan tsiron ƙashi da ake gani a hoton dunduniya, wanda yake tayar wa mutane hankali, mutane da yawa suna da shi ba sa jin komai, kuma takalmin ba ya narkar da shi.

Ga mai gudu da aka tabbatar masa da ciwon, wanda safiya ce babbar damuwarsa kuma yana iya jure mako biyu na barci marar daɗi, ina ganin ya cancanci saye, da sharaɗin ya ci gaba da atisayensa kuma kada ya ƙara kilomita saboda safiya ta yi masa sauƙi. Na daina kwana da nawa a ƙarshen wata na uku, na rage shi zuwa dare biyu a mako kafin na ajiye. Yanzu ina gudun kilomita 25 zuwa 30 a mako, ban koma hawan tudu ba tukuna, kuma takalmin yana ƙarƙashin gado. Sau biyu na ciro shi tun daga lokacin, duka bayan doguwar tafiya a mota da ta sa ƙafar ta sandare, na kwana da shi dare uku-uku na mayar.